Ina Tatsuniyar da Yarinya ke Ceton Kanta?

Wata malamar firamare daga Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, tana tambaya: akwai tatsuniyoyin da aka sabunta, inda yarinya ke tsayawa da ƙafafunta ba tare da jiran ɗan sarki ba?

To Malama, akwai. Kamfanin Disney na Amurka ya fitar da fim ɗin Frozen a 2013, wanda aka samo daga tsohon labarin Hans Christian Andersen, kuma ƙaunar 'yan'uwa mata biyu ce ta warware matsalar.

Amma sabunta labari ba baƙon abu ba ne a Katsina. Abubakar Imam, wanda ya yi karatu ya kuma koyar a birnin, haka ya ɗebo labaran Larabawa da Turawa ya sa musu rigar Hausa cikin Magana Jari Ce. Sai dai jarumansa galibi maza ne.

Ki duba 'yar bora a tatsuniyoyinmu: ita kaɗai take shiga daji, ta dawo da arziki. Ladabinta muka fi yabawa, jarumtarta kuwa muka bari a baya. Ga kuma labarin sarauniya Daurama ta Daura, nan kusa da ku.

Malama, ki sa ɗalibanki mata su sake rubuta labarin 'yar bora, ki aiko mana mu karanta.