Ciwon Gwiwar Hannu Daga Yawan Aiki

Bayan kaka, mutane da yawa kan yi kukan ciwon gwiwar hannu. Manomi ya sha yankan dawa da sussuka. Mace ta sha daka da jan guga. Sai ciwo ya tsaya wuri ɗaya, a kan ɗan ƙashin nan da ya turo a gwiwar hannu ta ɓangaren da ke kallon jiki.

Tsokar da ke lanƙwasa wuyan hannu da yatsu tana da jijiya mai ƙarfi. A jikin wannan ƙashi jijiyar take manne. Duk sanda aka damƙi ƙota ko taɓarya, sai an ja ta. In ja ya yi yawa babu hutu, sai ta yi rauni. Daga nan ko matsar wanki ko ɗaukar buta sai mutum ya ji zafi. An fi ganin haka ga waɗanda suka haura shekara 40.

Wannan ba karaya ba ce, ba kuma gocewar ƙashi ba. Don haka ba aikin mai ɗori ba ne. Tsaga kuwa miki kawai take ƙarawa.

Abu na farko shi ne a rage aikin da ya kawo ciwon. Amma kada a rataye hannun a daina motsa shi, don zai ƙara rauni. A naɗa tsumma a ƙota ta yi kauri, damƙa za ta fi sauƙi. Mai jan ruwa ta rage girman guga.

Na biyu shi ne motsa hannu, irin wanda ake koyarwa a sashen gashin ƙashi na asibiti. A miƙe hannu sosai, tafi yana kallon sama. A sa ɗaya hannun a ja yatsu ƙasa a hankali. A ƙirga 30, a saki. A yi haka sau 3.

Sai kuma a zauna, a ɗora hannun a kan cinya, tafi yana kallon sama, wuyan hannu ya ɗan wuce gwiwar ƙafa. A riƙe ƙaramar kwalba cike da ruwa. A sa lafiyayyen hannu ya ɗaga mai ciwon. Sa'an nan a bar mai ciwon ya sauke kwalbar shi kaɗai, a hankali, ana ƙirga 5. Saukewar nan ita ce maganin, ba ɗagawar ba. A yi sau 10, a huta, a sake har zagaye 3. Ɗan zafi kaɗan ba laifi. In ya tsananta, a rage ruwan kwalbar.

Jijiya ba ta saurin warkewa. Takan ɗauki mako 6 zuwa 12, wani ma ya fi haka. A nan mutane ke kuskure: da sun ji sauƙi a mako na biyu, sai su koma faskare.

A je asibiti in ƙaramin yatsa da na kusa da shi suna mutuwa ko suna tsira kamar allura. Haka kuma in gwiwar ta kumbura ta yi ɗumi, ko ta ƙi miƙewa, ko ciwon ya biyo bayan faɗuwa.