Ciwon Baya Bayan Aikin Ƙugu

Tambaya: Wata uku ke nan da sauya wa mahaifiyata ƙashin ƙugu, yanzu ciwon baya ya hana ta barci. Daga wani mai karatu a Kauru.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Sau da yawa ɗingishin shekaru ne ya karkata bayan, ko ƙafa ɗaya ta ɗan fi tsawo bayan tiyata. Ku koma wurin likitan da ya yi aikin a ɗauki hoto. In ana buƙatar gashi, asibitocin Shika da Dala suna da masu gashin ƙashi. Kafin nan, ban da tsuguno da hawan acaɓa, ta riƙa kwanciya da matashi tsakanin gwiwoyi. Kada maɗori ya taɓa ta, kada ku sayo tramadol a kemis. In ƙafa ta mutu, fitsari ya kufce, ko zazzaɓi ya taso, ku garzaya asibitin Kafanchan a ranar.