Darasi Na 12: Murhun Gashin Nama Mai Gas Da Haɗarinsa

Jama'a, a darasin da ya wuce mun yi zancen gobarar hunturu, da yadda kaskon wuta ke cinye ɗaki in an bar shi an yi barci. Yau za mu ɗauko zancen wata wuta dabam, wadda ba ta bukatar itace ko gawayi, watau wutar gas. Labarin da za mu ba ku daga Amurka ya fito. Amma kada wani ya ce ina ruwansa. Tukunyar gas da ke ƙarƙashin murhun Ba'amurke 'yar'uwa ce ga wadda ke cikin madafar gidaje masu yawa a garuruwanmu yau. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Yadda murhun yake

Mu nan in muna son gashi, sai mu tafi tukuba wurin mai tsire. A Amurka kuwa magidanci shi yakan gasa wa iyalinsa nama a bayan gida, musamman lokacin zafi, da ranar bikin 'yancin ƙasarsu, 4 ga Yuli. Saboda haka a watan Yuli gobarar murhun gashi ta fi yawa a can.

Murhun nan akwatin ƙarfe ne mai murfi, a bisa ƙafafu masu taya. A ciki akwai ragar ƙarfe inda ake shimfiɗa nama. Ƙarƙashin raga akwai bututai masu ƙananan huji, ta nan harshen wuta ke fita. Can ƙasa kuma tukunyar gas ce, mai cin kilo 9. A bakin tukunya akwai rigileta, ita ke rage ƙarfin gas. Daga rigileta sai tiyon roba ya kai gas ga bututai.

Abu huɗu ke nan: tukunya, da rigileta, da tiyo, da bututun wuta. In ɗaya ya lalace, haɗari ya zo.

Halin gas

Gas ɗin da Amurkawa ke gashi da shi sunansa furofen. Yana da hali uku da ya kamata kowa ya haddace.

Na fari, a cikin tukunya ruwa ne, don an matse shi da ƙarfi. Da ya fito sai ya zama iska. Mudu ɗaya na ruwansa yakan zama wajen mudu 270 na iska. Zafi kuma yana kumbura shi. Don haka ba a cika tukunya maƙil, sai a tsaya a kashi 80 cikin 100, a bar masa wurin kumbura. Tun daga shekarar 2002, a yawancin jihohin Amurka ba a zuba gas a irin wannan tukunya sai tana da wani maƙulli a ciki mai tsai da gas in ya kai iyaka.

Na biyu, ya fi iskar da muke shaƙa nauyi. Hayaƙi sama yake yi, gas kuwa ƙasa yake kwanciya, ya taru a lungu kamar ruwan sama a kwari. In ya ɗan wuce kashi 2 cikin 100 na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa.

Na uku, shi kansa ba shi da wari. Warin nan mai kama da na ruɓaɓɓen ƙwai, zuba masa aka yi da gangan don hanci ya yi mana gargaɗi. Wannan dabara da rayuka aka saye ta. A shekarar 1937, a wani gari mai suna New London cikin jihar Texas, gas marar wari ya taru ƙarƙashin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe. Wajen mutum 300 suka mutu, yawancinsu yara. A cikin shekarar nan jihar ta kafa doka a riƙa sa wa gas wari, sauran wurare suka bi.

Tambarin kanti

To, mene ne kayan tambarin kanti? Babban kanti yakan aika wa wata masana'anta a ƙasar waje, ya ce a ƙera masa murhu dubu kaza. In an ƙera, sai a buga musu wani suna wanda kantin ya zaɓa, ba a kuwa sayar da su sai a rassansa. Mai saye yana ganin sunan, amma bai san maƙerin ba. Irin wannan kaya yakan fi araha, shi ya sa ake rububinsa.

Ba mu ce duk kayan waje ko duk mai araha mugu ne ba. Abin lura shi ne, in maƙeri ya yi kuskure ɗaya a wurin tsara murhu, kuskuren nan zai shiga cikin kowane murhu da aka ƙera a kan wannan tsari, ya bazu cikin dubban gidaje. Don haka dokar Amurka ta ce wanda ya shigo da kaya daga waje, alhaki yana wuyansa daidai da maƙeri.

Kiranye

A shekarar 1972 gwamnatin Amurka ta kafa wata hukuma mai lura da lafiyar kayan da jama'a ke saye, ana taƙaita sunanta CPSC. In kamfani ya sami labarin kayansa na da aibi mai haɗari, wajibi ne ya gaya wa hukumar cikin awa 24. Sa'an nan a yi shela, a faɗi sunan kayan, da lambarsa, da inda aka sayar, da irin aibin. A ce wa mutane su daina aiki da shi nan take. Kamfani kuma ya gyara kyauta, ko ya sāke wani, ko ya mai da kuɗi. Wannan shi ne kiranye, watau janye kaya daga hannun jama'a. Tun daga 2008 kuma laifi ne a can mutum ya sayar da kayan da aka yi wa kiranye, ko da a gwanjo ne.

Ga misali uku, duka daga babban kantin nan na kayan gini da na gida mai suna Lowe's, duka kuwa a ƙasar Sin aka ƙera su.

A 2008 an yi kiranyen wani murhu mai tambarin Perfect Flame, wajen guda 24,000. Aibinsa, akwatin da ake gashi a ciki yana iya narkewa ko ya kama wuta.

A watan Nuwamba 2009 aka sake yi wa wani samfurin Perfect Flame kiranye, wannan karo fiye da guda 600,000, waɗanda aka sayar tsakanin 2005 da 2009. Bututan wutarsu sukan ci su lalace, harshen wuta ya riƙa fita ta inda bai kamata ba. Murfin waɗansu kuma yakan kama wuta. Mutane sun ƙone a hannu da fuska. Aka ba masu murhun sababbin bututai kyauta, waɗansu har da sabon murfi.

A 2012 sai murhu mai tambarin Master Forge, wajen guda 37,000. Shi mai saye ke haɗa shi a gida. In bai ratsa tiyo ta inda ya dace ba, sai tiyon ya taɓa akwatin wuta, zafi ya narka shi, gas ya tsiyaya kusa da wuta.

Ku duba da kyau. Murhun da aka saya a 2005 ya yi shekara huɗu a gida kafin shela ta fito. Shelar kuma a rubuce take, lambar murhu a rubuce take a jikinsa. Wanda ya iya karatu zai duba lamba ya gwada da ta shela, ya tsira. Wanda bai iya ba, ko da takardar na hannunsa, zai ci gaba da kunna wuta. Ga amfanin karatu a fili.

Laifin mai murhu

Ba kullum laifin maƙeri ba ne. Sau da yawa sakaci ne.

In an ajiye murhu ya daɗe, gizo-gizo yakan shiga bututu ya yi saƙa. Saƙar ta toshe hanya, gas ya komo baya ya kama wuta wajen makunni, daidai inda hannun mutum yake.

Kitsen nama yana ɗiga ya taru a faranti ƙarƙashin murhu. In ba a kwashe ba, wata rana zai kama da wuta.

Mafi muni shi ne sake kunnawa da gaggawa. A watan Disamba 2012 wata sananniyar mai gabatar da labarin wasanni a talabijin ɗin Amurka, Hannah Storm, tana shirin gasa wa iyalinta abinci. Iska ta kashe wutar, gas kuwa ya ci gaba da fita, ya kwanta a gindin murhu saboda nauyinsa. Da ta sake kunnawa sai wuta ta tashi gaba ɗaya, ta ƙone ta a hannu da ƙirji da fuska, girarta ta tafi. Allah ya yi da sauran kwana. Da ta warke sai ta shiga yi wa jama'a gargaɗi da abin da ya same ta.

Dokoki takwas

1. A waje ake gashi, nesa da bango da rumfa da danni, aƙalla ƙafa 10, watau wajen mita 3. A ɗaki rufe, wuta tana fid da wata iska mai guba marar wari, tana kashe mutum cikin barci.

2. Kafin a kunna, a dama sabulu da ruwa a shafa a jikin tiyo da mahaɗai, sa'an nan a buɗe tukunya. In kumfa ta riƙa tasowa, gas na tsiyaya. A rufe, a gyara. Kada a nemi huji da ashana ko kusa.

3. A buɗe murfi tukuna, sa'an nan a kunna.

4. In wuta ta mutu, a rufe gas, a bar murfi a buɗe, a jira aƙalla minti 5 kafin a sake kunnawa.

5. Kada tiyo ya taɓa ƙarfe mai zafi. In ya tsattsage ko ya ƙandare, a sayi sabo, kada a ɗaure shi da roba.

6. Tukunya a tsaye take zama, a inuwa, inda iska ke ratsawa. Kada a bar ta cikin mota a rana. Mai tsatsa ko wadda ta lotsa, a rabu da ita.

7. In an gama, a rufe bakin tukunya, a kwashe kitse. Wutar kitse ba a zuba mata ruwa, sai ta fantsama.

8. In an ji warin gas, kada a ƙyasta ashana, kada a taɓa makunnin lantarki. In ana iya isa ga tukunya lafiya, a rufe ta. In wari bai tsaya ba, ko wuta ta isa tukunya, kowa ya yi nisa, a kira 'yan kwana-kwana.

Abin da ya shafe mu

Dokokin nan na tiyo da tukunya da wari sun hau kan matar da ke dafa tuwo da gas, kamar yadda suka hau kan mai gashi a Amurka, gama gas ɗinmu ma nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya. Tukunyar kilo 12.5 da ke madafarmu har ta fi tasu girma.

Sa'an nan kun san kayan gwanjo na ƙetare suna cika kasuwanninmu. Kayan da ya ratsa hannu uku ko huɗu, shelar kiranye ba ta bin sa. Saboda haka in za ku sayi murhu ko rigileta na hannu, ku nemi sunan da lambar da ke jikinsa, ku rubuta, ku sa wani ɗanku mai waya ya bincika a intanet ko an taɓa yi masa kiranye. In an kankare lamba, ku bar shi ko nawa ne aka rage muku. Kuɗin da kuka rage ba zai gina ɗakin da ya ƙone ba.

Tambayoyi

1. Faɗi abu huɗu da ke jikin murhun gas.
2. Don me ba a cika tukunya maƙil?
3. Wa ya sa wa gas wari, kuma don me?
4. Mene ne kayan tambarin kanti?
5. Mene ne aibin murhun da aka yi wa kiranye a 2012?
6. In iska ta kashe wuta, me za a yi kafin a sake kunnawa?

Lissafi

Mudu 1 na ruwan gas yana zama mudu 270 na iska. Mudu 3 zai zama nawa?

Aikin gida

Kowa ya kwafi doka ta 2 da ta 8 da hannunsa a allo ko takarda. In ya koma gida ya karanta wa iyalinsa, ya liƙa a bangon madafa. Wanda ba ya aiki da gas ya kai wa maƙwabcinsa mai yi. Allah ya kiyashe mu da gobara, amin.