KADA ZIYARA TA CINYE KARATUN YARO

Karatu: Matta 2:13-23, Luka 2:41-52, Mai-Wa'azi 3:1-8

Kowace shekara, da an shiga makon farko na Disamba, sai mu ga bencin yara a majami'a ya fara zama wofi. Idan mun tambaya, a ce mana, "Ai sun tafi gida Kirsimati." Makaranta kuwa ba ta ba da hutu ba, jarrabawa ma ba a gama ba. A Janairu kuma a buɗe makaranta, mako ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce, kāna mu ga motar kasuwa ta sauke su a tasha da buhun tsaba da kaji. Wannan al'ada ta zauna mana sosai a ƙasar Isa da Sabon Birni, har ba mu ganinta laifi ne. Bari mu bincika ta tare a darasin wannan wata.

1. ZUMUNCI ABU NE MAI KYAU

Da fari, kada kowa ya ce muna hana ziyara. Yawancin masu-bi a nan baƙi ne, aiki ko ciniki ya kawo su. Waɗansu daga Zuru su ke, waɗansu daga Malumfashi, waɗansu daga Kafancan ko Filato. Yaron da aka haifa a Bafarawa, idan ba a kai shi gida ba, ba zai san kakarsa ba, ba zai ji harshen ubansa ba. Mu kuma da mu ke 'yan ƙasa, danginmu a rabe su ke. Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, daga baya sarautar Gobir ta zauna a Tsibiri da Sabon Birni. A farkon ƙarni na 20 Ingila da Faransa suka ja iyaka a tsakani, wa ya zama ɗan Nijeriya, ƙane ya zama ɗan Nijar. Saboda haka biki a Tsibiri ko suna a Maraɗi namu ne. Gaskiya ne, zumunta a ƙafa ta ke. Tambayarmu ita ce, wane lokaci ne ƙafar za ta tashi, kuma wa zai biya kuɗin tafiyar?

2. TAFIYA BIYU TA GIDA ƊAYA

Littafi Mai-Tsarki ya ba mu labarin tafiya biyu da Yusufu da Maryamu suka yi da yaronsu.

Ta fari tana cikin Matta 2. Sarki Hirudus yana neman ran yaron. Aka faɗakar da Yusufu cikin mafarki, ya tashi da dare, ya ɗauki yaron da uwarsa, suka ƙetare zuwa Masar, suka zauna can har sarkin ya mutu. Bai jira gari ya waye ba, bai nemi iznin kowa ba. Wannan gudun tsira ne. Mu mutanen gabashin Sakkwato mun san irinsa. Tun daga 2019 dubban mutane daga ƙauyukanmu suka ƙetare zuwa jihar Maraɗi saboda 'yan bindiga. Uban da ya kwashe 'ya'yansa da dare domin ya ceci ransu ya yi abin da Yusufu ya yi. Babu wanda zai tambaye shi zancen rajistar makaranta. Abin da ya wajaba a kan ekklesiya shi ne ta taimake shi ya sa yaran a wata makaranta inda ya sauka.

Ta biyu tana cikin Luka 2. Kowace shekara iyayen Yesu su kan hau zuwa Urushalima domin Idin Faska, tare da ayarin dangi da idon sani. Ku lura, wannan tafiya tana da lokacinta sananne. Shari'a ta sa ranar, dukan ƙasa ta san ta, kowa ya kan shirya aikinsa tun da wuri domin ta. Da kwanakin idi suka cika, suka kama hanyar gida, ba su ƙara mako biyu domin daɗin birni ba. Ku lura kuma da inda aka sami yaron sa'anda ya ɓace musu. Yana da shekara 12. Suka yi tafiyar yini guda suna tsammani yana cikin ayari, suka koma, bayan kwana uku suka same shi a haikali, zaune a tsakiyar malamai, yana saurarensu, yana yi musu tambayoyi. Ubangijinmu da kansa bai raina zama a gaban malami ba.

Kuskurenmu shi ne mu kan ɗauki tafiya irin ta biyu mu sa mata gaggawar ta fari. Biki ba ya korar kowa da dare. Kirsimati kuwa ba ta taɓa ɓata ranarta ba, 25 ga Disamba ce tun kakanninmu, kullum kuma cikin hutu ta ke faɗuwa. Mai-Wa'azi 3 ya koya mana kowane al'amari da lokacinsa. Makaranta ta ware lokacin ziyara sau uku a shekara, a Disamba, da wajen Afrilu, da dogon hutu na damina.

3. BARI MU YI LISSAFI

Shekarar makaranta zango uku ce, kowane zango kamar mako 13, watau wajen mako 39 duka. To, ga gidan da ya tashi mako 2 kafin hutun Kirsimati, ya dawo mako 2 bayan an koma. Mako 4 ke nan. Sai bikin 'yar ƙanwa ya zo a tsakiyar zango, a tafi da yara mako 1. Kaka ta yi, a tsare yaro a gona wajen yankan gero da roron wake, mako 1. Jimla mako 6. Uban zai ce kaɗan ne. Amma firamare shekara 6 ce, 6 sau 6 kuwa 36. Yaron nan zai fita aji 6 da takarda a hannu, alhali kusan shekara guda cur ba ya aji. Da yayyafi kogi kan cika.

Ga wani tarko kuma na bakin iyaka. Makarantun firamare na Nijar su kan buɗe a farkon Oktoba, namu kuwa a Satumba. Yaro ya je hutu wurin gwaggonsa a Maraɗi, ya ga 'ya'yanta suna wasa har ƙarshen Satumba, sai a ce, "Bari su koma tare." Su ba su yi hasarar kome ba, shi kuwa ya yi hasarar mako biyu ko uku.

Karatu kamar noma ya ke. Kowane manomi a fadamar gulbin Rima ya sani, wanda ya yi tafiya ran da aka yi ruwan shuka, ko ya dawo ya yi aiki dare da rana, geronsa ba zai kamo na maƙwabcinsa ba. Wanda ya makara da noman fari, ciyawa ta riga ta sha ƙarfin gonar. Hakanan malami ya kan ɗora darasin yau a kan na jiya. Yaron da ba ya nan makon da aka koyar da ɗebewa mai aro, sa'anda aka zo rabawa zai zauna yana kallon allo kamar baƙon da ba ya jin harshen gari. Malami mai yara 60 ko fiye a aji ba shi da halin komawa baya domin mutum ɗaya. In kuwa ya koma, ya tsai da sauran.

Ba daga nesa mu ke wannan magana ba. Wata shekara mu ma mun tafi da 'yarmu bikin ɗan'uwa a tsakiyar zango, tana aji 3, domin ta riƙe wa uwarta jariri. Muka ce kwana biyar ne, ya zama kwana goma sha biyu. Da ta koma, ta tarar an wuce ta a lissafi. Ba ta gaya wa kowa ba, sai ta fara cewa cikinta yana ciwo kowace safiya. Muka yi mata faɗa a kan ƙiwuya, alhali kunya ce ta ke damunta, gama an kira ta gaban allo ta kāsa, 'yan aji suka yi dariya. Sai da muka zauna da ita kowace maraice har ƙarshen zango kafin ta warware. Mu muka ci tuwon biki, ita ta biya. Ku duba kuma, yawanci 'ya mace a kan cire. Namiji a bar shi domin karatunsa, mace a tafi da ita domin raino da wanke-wanke. Wannan ba adalci ba ne a gidan mai-bi.

4. KWANAKIN DA AKA ƘWACE, DA WAƊANDA MUKA BAYAR

Yaranmu sun riga sun yi hasarar kwanaki da yawa ba da sonmu ba. A Maris 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan duka saboda cutar korona, suka yi watanni a rufe. Bayan satar 'yan makaranta a Ƙanƙara a Disamba 2020 da Jangebe a Fabrairu 2021, gwamnatocin jihohin nan suka rufe makarantun kwana da dama. A ƙauyuka da yawa na Isa da Sabon Birni malamai suka gudu, azuzuwa suka zama masaukin 'yan gudun hijira. Waɗannan kwanaki an ƙwace mana su ne da ƙarfi, Allah kuwa ya gani. Amma mutumin da ɓarawo ya kwashe masa rabin rumbu, ya kan ɗebi sauran ya watsa wa tsuntsaye? Ranar da makaranta ta ke buɗe, malami yana nan, hanya da lafiya, ranar nan tana da tsada ƙwarai a ƙasarmu. Idan mun ba da ita domin shinkafar biki, mu ne za mu amsa.

Hukuma ma tana da magana a ciki. Dokar tarayya ta ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sa karatun shekara 9 ya zama tilas, 6 a firamare, 3 a ƙaramar sakandare, ta kuma ɗora wa iyaye nauyin ganin yaro ya je ya gama. Wanda ya ƙi, da fari gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya. A Ingila abin ya fi haka tsanani. A Afrilu 2015 wani uba ya cire 'yarsa daga makaranta kwana 7, ya kai ta yawon shaƙatawa Amurka. Aka ci shi tarar fam 60, ya ƙi biya, ya ce ai 'yarsa tana zuwa fiye da kwana 90 cikin 100. Shari'a ta kai har Kotun Ƙoli. A Afrilu 2017 kotun ta ba shi rashin gaskiya, ta ce yaro ya je kowace ranar da makaranta ta sa, gama rashin zuwan yaro ɗaya yana ɓata aikin malami da na sauran yara, yana kuma zama rashin adalci ga iyayen da su ke kiyaye doka. A Agusta 2024 aka ƙara tarar ta zama fam 80. Mai-bi ba ya jiran tara kafin ya yi abin da ke daidai. Amma abin kunya ne a ce kotu ta fi mu sanin darajar kwana bakwai na yaro.

5. ME ZA MU YI?

Wani zai ce, "Pasto, kuɗin mota ya kan ninka idan Kirsimati ta matso." Gaskiya ne. Amma mun san haka tun Janairu. A shiga adashi tun kaka, a ajiye kuɗin. In bai isa kowa ba, a je shekara ɗaya a bar ɗaya, ko kuwa a kai yara gida a dogon hutu, sa'anda mota ba ta tsada, kakarsu kuma ta fi samun zama da su.

Wani zai ce, "Hanya ba lafiya, sai ran da jama'a suka tashi." Wannan ma ba mu raina shi ba, gama ba mu manta da matafiyan da aka ƙone cikin mota a hanyar Sabon Birni da Isa a Disamba 2021 ba. Amma idan hanya ta kai haka, sai mu tambayi kanmu ko ya kamata a hau ta da yara domin biki.

Ga shawararmu ga kowane gida:

(a) Ran da aka koma makaranta, uba ya je wurin hedimasta ya rubuto ranar hutu da ranar komawa, ya manna a bango.

(b) A tashi bayan an ba da hutu, a dawo kwana ɗaya ko biyu kafin a buɗe.

(c) Idan biki ko suna ya faɗo cikin zango, babba ya je a madadin gida, yara su zauna. Ekklesiya ta zama gidansu. Matan zumunta su shirya wa zai riƙe 'ya'yan wa.

(d) Rasuwar na kusa ko ciwo mai tsanani dabam ne. A je a faɗa wa malami gaskiya, a faɗi ranar dawowa, a cika ta. Kada a koya wa yaro ya ce ba shi da lafiya alhali biki ya je. Hasarar wannan ta fi ta lissafi.

(e) Mu shugabanni mu fara da kanmu. Kada mu sa taron matasa ko na mawaƙa a ranakun makaranta. Iyalan ekklesiya kuma su sa ranar aure cikin hutu in da hali.

Icce tun yana ɗanye a kan tanƙwara shi. Yaron da ya ga ubansa ya bar biki mai daɗi domin kada ya rasa aji, ya koyi cewa aikin da aka ba mutum abin riƙo ne da aminci. Wanda kuwa aka saba cire shi, ya koyi cewa alkawari yana tsayawa ne sai ran da wani abin sha'awa ya zo. Da wannan hali zai shiga aikin albashi, da aure, da hidimar ekklesiya. Luka ya ce bayan idi yaron ya koma Nazarat da iyayensa, ya yi musu biyayya, ya yi ta girma cikin hikima. Allah ya sa a faɗi haka a kan 'ya'yanmu. Amin.

TAMBAYOYI DOMIN BINCIKE

1. Ina bambancin tafiyar Matta 2 da ta Luka 2? Wace iri ce tafiyarka ta bara?
2. Ka ƙidaya kwanakin da kowane ɗanka ya rasa a shekarar da ta wuce. Nawa aka ƙwace, nawa ka bayar?
3. A gidanka, wa a kan fi cirewa daga makaranta, ɗa ko 'ya? Don me?
4. Wane gida a ekklesiyarku zai iya riƙe 'ya'yan ɗan'uwa idan tafiya ta kama shi?

Abin addu'a: malaman da suka tsaya a ƙauyukan Isa da Sabon Birni, da yaran da ke gudun hijira ba su da makaranta.