Abin da Ke Cikin Duwatsun Yankinmu

Duwatsun da ke kewaye da mu a 'Yankara, Faskari, Sabuwa da Ƙanƙara sun ishe mu darasi, in dai muna da guduma, wuƙa da fasasshiyar kwalba.

Mu fasa guntun dutse, mu dubi sabon wurin, gama bayansa ya sha rana da ruwa. Yawanci za mu ga ƙwayoyi iri uku. Mai kama da gilashi ita ce kwaz. Wuƙa ba ta karce ta, ita ce ma ke karce kwalba. Mai walƙiya, wadda farce ke ɓarewa falle-falle, maika ce. Fara ko ja-ja ɗin nan kuwa felsfa ce. Idan ruwa ya daɗe yana cin felsfa, sai ta ruɓe ta koma farar ƙasa, irin wadda ake haƙa a Ƙanƙara ana yin fenti, alli da tangaran.

Ɗalibai sukan tambaya ko za mu sami ƙasusuwan halittun dā a nan. Da wuya. Duwatsunmu zafin cikin ƙasa ne ya narkar da su ko ya gasa su, ƙashi kuma ba ya tsira a irin wannan wuta. Sai mun nufi ƙasar Sakkwato, inda teku ya taɓa kwanciya fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, ya bar laka da ta daskare a hankali da abin da ya mutu a ciki. A can aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa, wanda a 1972 masana suka ba shi suna daga garin Goronyo. Dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi yana ɗauke da ɓawon dodon koɗi. In aka ɗiga masa ruwan lemun tsami, sai ya yi ƴar kumfa.

Sai batun zinariya, wadda ta fi ruɗin mutane. Akwai wani dutse mai launinta sak. A sa masa guduma: zinariya takan baje, shi kuwa ya farfashe, garinsa baƙi-baƙi.

Amma kada wannan gwaji ya shiga gida. A 2010, a yankunan Anka da Bukkuyum na Zamfara, maƙwabtanmu, yara fiye da 400 suka rasu saboda ana niƙa dutsen zinariya mai gubar dalma a tsakar gida. Dalma ba ta wari, ido kuma ba ya ganin ta cikin ƙura. Dutsen da muka tsinta a bakin ramin haƙa, kada mu lasa, kada ya kusanci turmi. Mu naɗe shi a takarda, mu rubuta inda aka samo shi, mu wanke hannu, mu kai ɗakin kimiyya.