Namu Bakin Tekun: Darasi Kan Yashin Gulbin Zamfara

 A littafinmu na nazarin zamantakewa akwai hoton bakin teku: farin yashi, itatuwan kwakwa, ba gida ba kanti. Yawancinmu ba mu taɓa ganin teku ba. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kilomita 853, amma duk tana can Kudu. A Legas ma akwai wani wuri, Tarkwa Bay, wanda sai da jirgin ruwa ake zuwa. To mu a nan fa? Muna da namu. Idan rani ya yi, gulbin Zamfara da ya ratsa ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum da Gummi yana janyewa, ya bar shimfiɗar yashi mai faɗi da ba a biyan ko sisi kafin a taka.

Daga ina yashin nan yake? Ruwan damina ne ke zaizayar duwatsu da ƙasar tudu, ya kwaso ɓarɓashinsu. Inda ruwa ke gudu da ƙarfi sai ya tafi da su, inda ya rage gudu sai ya sauke. Shi ya sa a duk lanƙwasar gulbi za ku ga gefe ɗaya gaɓa ce mai tsayi da ruwa ke ci, ɗaya gefen kuma yashi ne kwance. Ku riƙe wannan, domin gefen da ruwa ke ci shi ne mai zurfi.

Ruwan namu yana zuwa teku kuwa. Gulbin Zamfara yana zuba a gulbin Sakkwato a jihar Kebbi, na Sakkwato ya zuba a Neja, Neja ya haɗu da Binuwai a Lakwaja, su gangara har tekun Atlantika. Sai dai na teku ba ya shayuwa: a kowace lita akwai gishiri kusan giram 35. Kuma teku yana cika ya janye sau biyu a rana saboda jan da wata ke yi masa, namu kuwa sau ɗaya a shekara.

Yanzu ga abin da ya sa muka rubuta darasin nan. Wurin da ba a gina komai ba yana da daɗin gani, amma babu mai ceto a can, babu asibiti kusa. A watan Satumba na 2024 jirgin ruwa ya kife da manoma a Gummi suna hanyar gonakinsu, mutane da yawa suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Manya ne da suka saba da ruwa, balle mu. Ko da rani akwai ramuka masu zurfi da ba a gane su daga sama, kuma yashin bakinsu yana zaftarewa da mutum. Kada mu je sai da babba, shi ma ya tambayi masunta, don su suka san inda ramukan suke. Saboda matsalar tsaro a yankinmu, ba ma nisa da gari, kuma muna dawowa kafin la'asar ta yi sanyi.

Abu na biyu tsargiya ce. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen tsutsar suna ƙyanƙyashewa su shiga jikin wata 'yar katantanwa, su girma, su fito, sannan su huda fatar wanda ya shiga wanka. Ba sai ka sha ruwan ba. Ruwan da ya tsaya a kwari bayan gulbi ya janye ya fi haɗari. Wasu yara suna cewa fitsarin jini alamar girma ce ga namiji. Mu dai ba mu yarda ba, ciwo ne, kuma yana da magani. Wanda ya ga jini ya faɗa wa iyayensa a kai shi asibiti.

Na uku mu 'yan Yargalma mun fi kowa saninsa, ko da yake ba a haife mu ba lokacin. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinare da ake niƙawa a gida ta kashe yara kusan 400 a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta da Abare, har sai da ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka ta zo, aka kuma kwashe ƙasar gidaje. Dalma ba ta da wari. Duk inda muka ga ana wanke dutsen zinare a bakin ruwa, ba ma wasa da yashin wurin, ba ma bari ƙannenmu su zauna a kai.

Wanda zai je ya tafi da ruwan sha daga gida da takalmi, don da rana yashi yana ƙona ƙafa. Ledar da ka je da ita ka dawo da ita. Idan ka bar ta, damina za ta kai wa mutanen Kebbi.