Yadda ake haɗa fitilar majigi ta tashe da Sallah

Daga goma ga azumi, da an sha ruwa, yaran Zongo kan cika lunguna da tashe. Ga wani ado da zai ƙara wa daren armashi, ba ya buƙatar lantarki: kyandir ɗaya ne ke ba shi haske, shi ne kuma ke juya shi. Mutanen Sin suna yin irinsa tun zamanin daular Song (960 zuwa 1279).

A tanadi gwangwanin lemo biyu, wayar ƙafar keke, siririyar waya, almakashi, curin laka da farantin ƙarfe. Abin da babu a gida ana samunsa a kasuwar Katako.

A fara da farfela. A tsaga gwangwani a shimfiɗe shi, a yanko da'ira mai faɗin santimita 9, a tsattsaga gefenta gida 8, a murɗa kowane reshe ɓangare guda. A lotsa tsakiyarta da bakin biro, kada ta huje. Sai a kafa wayar keken a laka bisa faranti, a wasa kanta ya yi tsini, a ɗora farfelar. Kyandir ya tsaya dab da wayar, harshen wutar kamar taƙi ɗaya ƙasa da farfela. Iska mai zafi tana tashi sama, ita ce ke tura rassan.

Daga ɗaya gwangwanin a yanko mahaya dawaki huɗu. Ban yarda da takarda ba a nan, wuta ba ta da sabo. A ɗaura wa farfelar hannuwa huɗu na siririyar waya, kowane santimita 15, a rataya dawakin daidai tsayin harshen wutar.

Daidaita nauyi shi ne aikin haƙuri. In doki ɗaya ya fi abokinsa nauyi, sai farfela ta karkace ta tsaya cak. A riƙa rage ƙarfen kaɗan-kaɗan har ta zauna daram.

Sai a kai fitilar zaure inda iska ba ta kaɗawa, santimita 60 daga bango ko farin zane. A wannan nisa inuwar dokin santimita 6 za ta fito ninki huɗu, tana sukuwa. In an ja baya inuwar za ta ƙara girma amma ta dushe. Babba ya zauna kusa har a kashe kyandir.